Abin da Fom Bai Tambaya Ba

Ofis ya ba ni fom mai gida bakwai:
abinci, magani, wanka, awon jini,
sauran ukun ma duk na gangar jiki ne.
Na ninke shi a jaka,
keke-napep ya sauke ni Ƙofar Doka,
ragowar tafiyar ta ƙafa ce, lungu yana miƙa ni ga lungu.

A Kwarbai akwai Iya Tambaya.
Ciwon sukari ya ci mata yatsun ƙafa biyu
amma bai kai ga bakinta ba.
Wadda ta riga ni aikin ta rubuta: tana ƙin magani.
Sati uku ina lallashi kafin na gane
ba ƙwayar take ƙi ba, ruwan leda ne.
Na randa take so, a moɗar da mijinta ya bari,
mai lanƙwasa a baki.
Na goge rubutun, na sa: a nemo moɗa.

Talata ta Sabon Gari ce.
Baba Jatau ya yi shekara talatin yana ɗaga wa jirgi tuta.
Yau sunan 'ya'yansa ya zube masa kamar gero a tsakuwa,
amma ƙarfe goma saura kwata na nan daram.
Kafin lokacin ba mai taɓa shi.
Sai mu zauna a baranda mu kasa kunne
ga jirgin da ya daɗe da daina zuwa.
Can sai ya ce, ya wuce lafiya,
ya naɗe hannun riga, ya miƙo min dantse.

Wanda ya fi ba ni wuya Malam Mikailu ne,
maɗinkin Limancin Kona,
mutumin da aska takwas ke fita a hannunsa kamar da ita aka haife shi.
Ɓarin dama ya shanye masa ana gobe Sallah,
rigar wani na cinyarsa ba a gama ba.
Na zo da man zafi, na zo da ƙwallon matsawa,
ya juya fuska bango.
Na cika gida bakwai tsaf,
mutumin kuwa kullum raguwa yake.

Ran nan biro ya ƙi rubutu, na rasa abin yi da hannuna,
sai na ce, Malam, kai me kake so?
Shiru ya yi tsawo har na ji kunya.
Sannan da rabin baki ya ce:
zura min zare.

Sau huɗu ina kuskure kafar allura.
Ya yi dariya, ta farko tun zuwana,
ya ce, Lantana, da ke almajirata ce da kin sha rankwashi.
Na riƙe masa ƙyalle, ya soka da hagu.
Ya karkace. Ya warware. Ya sake.
Har aka kira la'asar a masallacin bayan gida
ba mu yi ɗinkin da ya kai tsawon ɗan yatsa ba.

Ƙarshen wata shugaba ta ce, mutum nawa kika gani?
Na ce goma sha ɗaya.
Ba ƙarya na yi ba, sai dai lissafin bai ɗauko moɗa ba,
bai ɗauko jirgi ba.

A jakata yanzu, ƙarƙashin na'urar awon jini,
akwai hankici fari.
A kusurwarsa an ɗinka sunana da shuɗin zare,
harafin farko ya jingina da na biyu
kamar mai koyon tafiya da sanda.
Wata biyu ya ɗauka.
Ba na share gumi da shi,
ko ranar da Zariya ta fi zafi.